Riba da Haƙƙin Jama'a: Jagora ga Ɗan Kasuwar Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya yi kasuwanci a Jibiya daga 2019 zuwa yau ya san ƙofar iyaka ta Magama tana iya rufuwa ba tare da an nemi shawararsa ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya ba ta cikin jerin, sai a Afrilun 2022 aka waiwaye ta. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ta Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake datse hanya har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakanin nan ga dokar Nuwamban 2019 da ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ga kuma dokar tsaro ta gwamnatin Katsina a 2021 wadda ta tsayar da cinikin dabbobi a kasuwar garin, ta rufe hanyar Gurbin Ɓaure, aka bi ta da katse layukan waya.

A irin wannan wuri, Alhaji, jarinka yana iya maƙalewa a Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, kana Magama kana hangen motar. Abin da rufe iyaka ba ya iya ƙwacewa shi ne manomin da zai ba ka kaya ka biya daga baya, da yaron da zai zauna da kai ko babu lodi, da abokin cinikin Maraɗi da zai ajiye maka buhu ɗari a sitonsa har a buɗe hanya bai taɓa ko ɗaya ba. Waɗannan ba a sayen su ranar da buƙata ta taso. Shi ya sa nake ganin haƙƙin jama'a yana cikin kuɗin gudanar da sana'a ne, layi ɗaya da kuɗin mota da hayar sito, kuma yana da jerin da ake bi. Da yawa suna farawa daga ƙarshe, wato rabon shinkafa da azumi a gaban kyamara, alhali tiyar da suke awo da ita tana da magana.

Fara da tiya

Ranar Lahadi, kasuwar Jibiya, ka tsaya a layin 'yan hatsi ka lura da hannun ma'auni. Akwai mai tiya biyu: babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Akwai wanda ya buga gindin tasa ta zurma. Akwai mai kewaye bakin tiya da hannu har gero ya hau damtse idan shi ke saye, ya janye hannun idan shi ke sayarwa. A buhu kuma an san mai zuba mai kyau a sama ya ɓoye dusa a ƙasa, da mai gauraya riɗi da yashi.

Yi lissafin da kanka. Buhu tiya 40 ne. In tiyarka ta saye ta ɗara ta gaskiya da kashi ɗaya cikin ashirin, kowane buhu ka ci wa manomi tiya biyu. Manomin nan ba wawa ba ne, ya auna kayansa a gida kafin ya ɗora wa jaki. Shiru zai yi don yana neman kuɗin magani, amma baɗi ba zai neme ka ba, kuma zai gaya wa 'yan garinsu.

Gyaran ba shi da tsada. Ka riƙe tiya ɗaya, ka kai ta gaban sarkin kasuwa ko shugaban 'yan hatsi a gwada ta da ta kowa, a yi mata alama. Ka bar mai kaya ya auna da hannunsa in ya so. In ƙarfinka ya kai, ka sayi sikeli ka kafa shi inda mai saye da mai sayarwa duk za su ga allura. La'adar dillali a faɗe ta a fili kafin a ce an sallama. Za ka rasa 'yar ribar ɓoye a makonnin farko, amma kaya za su fara zuwa ƙofarka tun kafin su shiga kasuwa, kuma wanda kaya ke nema shi ke zaɓen na kirki.

Wake yana buƙatar magana ta musamman, domin shi ne kayan da ake cutar da mutane da shi ba su sani ba. Don gudun ƙwari, wasu suna yayyafa masa fiya-fiya su ɗinke buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba da ta samu a ciki. Turai ta iya gwadawa ta ƙi karɓa; mai ƙosai a bakin tasha da yaran da ke saye a wurinta ba su da na'urar gwaji. Alhali maganin abin yana kusa. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, masu binciken noma na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka yaɗa shi.

Ga yadda ake yi. Ka shanya waken ya bushe ƙarau, wanda in ka ciza zai ce ƙas. Ka sheƙe shi, ka tsince tsakuwa. Ka cika kowace leda da iska, ka riƙe bakinta ka matsa, ka saurara ko tana zurara; mai huda ko da ta bakin allura ce ka ajiye ta gefe. Ka zura leda ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa na waje. Kana zuba wake kana girgizawa don ya zauna, ka bar wurin ɗauri a sama. Sai ka matse sauran iska, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa shi ka ɗaure tamau, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne da igiyarsa. Ka jera buhunan a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kada ka buɗe sai ranar sayarwa. Ƙwarin da ke ciki rashin iska ne ke kashe su. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, amma ana maimaita shi muddin bai huje ba, kuma kana iya gaya wa mai saye a kasuwar Dawanau ta Kano cewa wakenka babu magani, ka faɗi kuɗinka ba kunya.

Masu ɗaukar maka kaya

Kafin ka ce za ka taimaki gari, duba mutanen da ke cin abinci a ƙofar sitonka: 'yan dako, direba da yaron motarsa, mai gadi, masu ɗinkin buhu, matan da ke sheƙa. A yanke kuɗin dako kafin a kwance tamfol, a biya a ranar, kafin magariba. Mutumin da ya wuni yana hawa katako da kilo 100 a wuya bai kamata ya ji "ka dawo gobe" ba. Yaro ƙarami kada a ɗora masa buhun manya komai nacinsa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne rauni. Ɗan dako ya zame ya karye, sai a ce Allah Ya sawwaƙe, a miƙa masa abin da ba zai kai shi Katsina ba. Ku masu sito a layi ɗaya kuna iya buɗe asusu: a ce naira 20 a kan kowane buhu da aka sauke ko aka loda, a rubuta a littafi, a ajiye a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu shugaban 'yan dakon ne. Ba za ka ji fitar kuɗin ba, amma ranar da tsautsayi ya faɗa akwai kuɗin ɗori da na cefanen iyali.

Sai yaron shago. Tun ranar da ubansa ya kawo maka shi, a zauna gaban shaidu a rubuta shekara nawa zai yi da abin da za a sallame shi da shi. Mun sha ganin wanda ya yi wa maigida bauta har furfura ta fito, maigida ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, bai tara gyaɗar Kano da hannunsa kaɗai ba; wakilai yake ba jari su shiga ƙauyuka su sayo, da yawansu kuma suka zama masu kansu. Yaron da ka sallama da jari ya buɗe rumfa a Daddara ko Batsari, a wurinka zai riƙa sari. Kana iya ba shi jarin a tsarin da malamai ke kira ƙiradi: kuɗi naka, wahala tasa, riba a raba bisa kason da aka yanke tun farko, in aka yi asara ba da sakacinsa ba ta hau kan uwar kuɗi.

Bashi, da kuɗi iri biyu

Manomi ya fi shiga matsi a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ga noma na biyu, ga zazzaɓi ya kwantar da yara. A nan ne ake ba shi buhu ɗaya ya biya biyu da kaka. Wannan ba taimako ba ne, kuma malamai sun daɗe da yin bayani a kansa. Akwai halastacciyar hanya da ake kira salam: ka biya kuɗin kaya gaba ɗaya yanzu, a faɗi irin hatsin, da yawansa, da lokacin kawowa, da wurin da za a kai. Kai ka tabbatar da kayanka a farashi mai sauƙi, shi ya samu kuɗin taki. Adalcin yana cikin farashin da ka yanke. In ka kai shi ƙasa ƙwarai don ka ga ya matsu, sunan cinikin ne kawai ya canja. A wannan yanki kuma dole a yi maganar tsaro tun farko: in 'yan bindiga suka hana shi girbi, me za a yi? Abin da ya fi shi ne a ɗaga masa zuwa baɗi ko ya maido uwar kuɗi a hankali.

Tsakaninka da mutanen Maraɗi da Madarumfa, kowane bashi a rubuta da sunan kuɗinsa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta sha faɗuwa. Wanda ya karɓi raguna a kan sefa ya biya sefa. Cewa "ai da naira muka saba" bayan canji ya juya, ya raba abokan ciniki da yawa waɗanda iyayensu ma tare suka yi fatauci. Kada a manta Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. Wanda ka cuta a can, ba mamaki surukin maƙwabcinka ne.

Mata masu ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, awara da daddawa, musamman waɗanda hare-hare suka mayar zawarawa, ba sadaka suka fi buƙata ba. Ka ba su gyaɗa ko waken suya tiya biyar ko goma a farashin sari, su biya mako mai zuwa. Ka haɗa su rukuni-rukuni kamar yadda suke adashi, su tsaya wa juna.

Hanyar Magama da hanyar daji

Maganar fasa-ƙwauri ba a son yin ta a fili, amma dole ce. An hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa a 2016, motoci kuma a farkon 2017. Mai kayan fasa-ƙwauri yana zaune a inuwa da waya a hannu. Wanda ke kan babur da buhu uku cikin dare, ko a motar da ake kora da gudu ta tsakiyar gari, ɗan wani ne. In aka kama ko aka yi haɗari, shi da mutanen bakin titi ke biya. Ɗan kasuwar da ribarsa ke tafe a kan wuyan 'ya'yan mutane, ko ya gina masallaci bai sauke wannan nauyi ba.

Halastattun kaya suna da yawa: dabbobi, fatu, aya, albasa, dabino da kanwa daga can, siminti, kayan roba, atamfa, doya da garin kwaki daga nan. Ka yi wa kasuwancinka rajista, ka nemi wakilin fito mai lasisin kwastan, ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya. Kafin ka loda, ka tambayi dokar ɓangare biyu, don tana sauyawa: a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba Mali da Burkina Faso ba, a Mayun 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla, ita kanta kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Yawan shingaye a hanyar Katsina, mutum ɗaya ba ya iya magance shi. Ƙungiya ce ke iya rubuta abin da ake karɓa a kowane shinge ta kai kuka gaba.

Ka kuma san wanda kake sayar wa. Baƙon da ya zo neman jarkokin fetur, katon-katon na magani da buhunan burodi, ba ya ciniki, ba a san garinsu ba, ka san inda kayan za su kwana.

Zakka daban, kyauta daban

Zakka haƙƙin talaka ce a cikin dukiyarka, kada ka lissafa ta cikin alherin da ka yi wa gari. Ka tsayar da wata ɗaya a shekara. In kai mai jujjuya kaya ne kullum, ka ƙiyasta abin da ke shago da sito a farashin ranar, ka haɗa da kuɗin hannu da na banki, naira da sefa, da bashin da kake sa ran za a biya ka, ka cire wanda ake bin ka. In abin ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, ka fitar da naira 25 a cikin kowace 1,000. A mazhabar Malikiyya, mai ajiye kaya yana jiran farashi hukuncinsa daban ne, sai ya sayar yake fitarwa. In kana noma, abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, na ban-ruwa da inji a bakin dam ɗaya cikin ashirin. Ka zauna da malaminka da littafinka a buɗe. A raba ta a inda dukiyar take, kuma ya fi a ba mutum biyar abin da zai zama jari da a raba wa ɗari biyar kuɗin cefanen kwana ɗaya. Yawancin malamai ba su yarda a gina rijiya ko aji da kuɗin zakka ba. Waɗannan daga aljihunka za su fito.

To nawa za ka ware? Ka yanke kaso, ko biyu ne ko uku cikin ɗari na ribar da ta tabbata bayan an cire komai, ka riƙa cirewa duk ƙarshen wata zuwa wani asusu. Amfanin kaso shi ne yana tafiya da ƙarfinka: shekarar da aka rufe iyaka ya ragu, ba ka karye ba, ba ka kuma daina ba. Ka raba shi biyu. Rabi na ko-ta-kwana ne, don Jibiya ta ga abin da ya isa: ambaliyar Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare ɗaya, a 2022 kuma mutanen ƙauyen Shimfiɗa, da ke gudun 'yan bindiga, suka kwararo cikin gari da abin da suka iya ɗauka. A irin wannan rana wanda ke da hatsi a sito da mota a ƙofa ya riga kowace hukuma isa. Kuma ranar ba ranar ƙara farashi ba ce.

Ɗaya rabin ka zaɓi abu guda ka tsaya a kai shekara da shekaru. Kada ka zaɓa kai kaɗai a ɗakinka. Tambayi mai unguwa, liman, shugaban makaranta, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, kuma ka sa Hajiya ta tambayi matan unguwa, don su suka san nisan ruwa. Gidauniyar Mangal a Katsina an san ta da aikin ido da tiyata kyauta da take maimaitawa. Maimaitawar ce ta sa mutanen ƙauye suka san inda za su nufa. Kai mai ƙaramin ƙarfi, naka yana iya zama kuɗin jarrabawar yara goma duk shekara, ko man motar da ke kai mai naƙuda asibiti.

In ruwa ka zaɓa, ka tuna haƙa shi ne mai sauƙi. Ƙauyukanmu cike suke da famfunan da aka buɗe da kiɗa, bayan shekara suka zama wurin ɗaure awaki, don ba wanda aka ɗora wa gyara. Kafin a kawo injin haƙa, a kafa kwamiti, a yanke ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka, a yafe wa marasa hali, a koya wa saurayi ɗaya gyaran famfo da kula da faifan sola. Wanda ya fi wannan shi ne wakafi: ka keɓe shago ɗaya, a rubuta a gaban alƙali da shaidu cewa hayarsa ta gyaran rijiyar ce har abada. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ɗan Affan ya saya ya bar wa mutanen Madina, har yau wakafinta yana nan da gonar dabinonsa.

Kuɗin da kuka tara a ƙungiya, a karanta lissafinsa a bainar jama'a duk bayan wata uku, shiga da fita. Wanda ka bayar kai kaɗai, ba sai an ɗauki fuskar bazawara tana karɓar taliya an sa a Facebook ba. Kada kuma rabonka ya bi ta hannun jam'iyya ko ya tashi sai lokacin zaɓe, don daga ranar rabin gari zai ɗauka ba da su ake ba.

Akwai dalilin gaggawa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai ratsa. In ya fara aiki, manyan kamfanoni za su zo neman fili, sito, 'yan dako da wakilan saye, kuma da wanda ke da takarda za su yi magana. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ba ta da rajista ta je ma'aikatar ciniki a Katsina ta yi, ta rubuta sunayen masu dako da direbobinta, ta tsayar da kuɗin aiki da ƙa'idar awo a rubuce, tun kafin jirgin ya iso.